Yadda gaisuwar surukai ta raba mijina da mahaifiyarsa

Edita, ina yi miki sallama, ke da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa ni kam ba zan iya tona cikina haka ba, sai ga shi yau ni ce riƙe da biro. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

A farkon shekarun dubu biyu ina da shekara talatin da 'yan kai. Haifaffiyar zangon Kumasi ce ni, ina zaune a Levenshulme cikin Manchester, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Wanda ya san ni a lokacin zai gaya miki ina da baki, ina da naci, in na sa abu a gaba sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Mijina Bature ne, direban bas, ya musulunta tun kafin mu haɗu. Shi kuwa sanyin hali gare shi da ƙarancin magana, har nakan tsokane shi in ce ni nake yin surutun gidanmu, nawa da nasa. Bai san iyayen da suka haife shi ba. Wasu mata da miji ne suka ɗauke shi riƙo tun yana jariri, irin riƙon nan na Turawa da ake canza wa yaro suna a hukumance, na asalin a rufe shi. Sun riƙe shi da amana har suka rasu. Abin da ya sani game da kansa bai wuce cewa uwarsa wata yarinya ce 'yar ƙasar Ailan, ta ƙetaro Ingila da ciki ba aure, ta haihu, ta bar shi ta tafi.

Wanda ya ɗaura mana aure Baffa ne, ƙanin mahaifina, da ke zaune a Sparkhill cikin Birmingham. Dattijo ne da ya gama aikin masana'anta ya huta, duk wata rigima ta mutanenmu a garin gabansa ake kai ta. Ya sha magana a kan aurena, an ce ya ɗauki 'yar ɗan'uwansa ya ba wanda ba a san asalinsa ba, ba uwa ba uba, kamar daga sama ya faɗo. Baffa ya toshe kunnensa ya ce addini da hali ya duba. Tun daga ranar bai taɓa kiran mijina da suna ba, sai dai ya ce ɗana. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka Baffa mugu ne. Wallahi ban san wanda ya kai shi ƙaunar mijina ba.

Ranar sunan ɗanmu na biyu gidanmu ya cika da dangina har kan matakala. Da yamma bayan an watse, muna naɗe tabarmi, sai mijina ya ce mini shi ba ya neman komai a wajen matar da ta haife shi. Ba ya son ta ba shi haƙuri, ba ya son ta shigar da shi cikin danginta. Burinsa kawai ya zauna a gabanta sau ɗaya, ta ga cewa ya rayu bai lalace ba, ya nuna mata hoton jikokinta, shi ke nan. Mutumin da sai ya wuni bai haɗa jimla uku ba ne ya faɗi wannan, ya ci gaba da naɗe tabarma kamar bai ce komai ba. Tausayinsa ya kama ni, na ce masa in dai tana numfashi a doron ƙasa sai na nemo ta.

Da baki abin da sauƙi. Dokar nan ta yarda wanda aka riƙa ya karɓi takardar haihuwarsa ta asali in ya girma, don haka muka je council, wato ofishin ƙaramar hukuma, aka haɗa mu da wata ma'aikaciya da aikinta ke nan, sada irin waɗannan mutane da iyayensu. A takardar akwai sunan uwar, wajen sunan uba an ja layi. A fayil ɗin riƙon kuma an ambaci gundumar da ta fito da shekarunta. Na ɗauka an gama, ashe sunan nata a ƙasarsu kamar ka shiga kasuwar Kumasi ne kana cigiyar wata Amina. Kuma su ma irin mu ne wajen maimaita suna, kaka da uwa da jika duk suna ɗaya, ƙauye guda sai ka sami gida biyar masu laƙabi iri ɗaya. Duk ranar hutuna a laburare nake yin ta, gaban wata na'ura da ake murɗa fim ɗin tsofaffin takardu, ina bin sunaye har idanuna su riƙa ruwa. Aka ce mini da yawa daga tsofaffin takardun ƙasar sun ƙone tun zamanin wani yaƙi, sai dai a bi ta littattafan coci inda ake rubuta jarirai. Na riƙa rubuta wa limaman coci na ƙauyukan gundumar, ni 'yar zango da hijabina. Wani ya amsa da mutunci, wani ya yi shiru har yau.

Daga baya muka sayi wata tsohuwar kwamfuta, na shiga wani zaure a intanet na masu neman asalinsu na Ailan. Mutanen kirki ne, suna taimakon juna kyauta, wani a can zai je maƙabarta ya karanto maka abin da aka rubuta a kan kabari. Duk da haka na ɓata kusan shekara ina bin sawun wata mata, sai daga ƙarshe ta tabbata ta yi hijira zuwa Amurka tun kafin a haifi mijina. Ranar na kifa kai a kan tebur na yi kuka. Wadda ta dawo da ni hanya wata tsohuwa ce 'yar Ailan da nake yi wa wanka a wajen aiki. Ina ba ta labari sama-sama sai ta ce in daina wahalar da kaina da ƙauye, yarinyar da ta haihu a ɓoye a wancan zamani ba ta komawa gida, in nemi takardar aurenta a nan Ingila. Haka kuwa aka yi. Na sami takardar wani aure da aka ɗaura a Birmingham 'yan shekaru bayan haihuwar mijina, sunan amarya da na ubanta duk sun dace da wanda wani limamin coci ya aiko mini. Na hau jirgin ƙasa na je babban laburaren Birmingham na duba jerin masu zaɓe, sai ga ta ita da mijinta, a wani layi da ya ɓalle daga Stratford Road.

Akwai abu guda da kowa ya nanata mini, daga 'yan zauren intanet har ma'aikaciyar council. Suka ce kome ɗokinka kada ka ƙwanƙwasa ƙofa. Matan nan an tsorata su tun suna yara, an nuna musu abin da suka yi abin kunya ne da ba a faɗa har kabari, da yawansu mazansu da 'ya'yansu ba su san komai ba. Ma'aikaciyar ta ce ita za ta aika da gajeriyar wasiƙa wadda ko mijin ya buɗe ba zai gane komai ba, a bar matar ta zaɓi lokacinta. Na ji, na kuma yarda.

To amma in na je Birmingham a gidan Baffa nake sauka, ba yadda za a yi in shiga garinsa in kwana a wani wuri. Ya ga ina zirga-zirga da takardu, ya zaunar da ni ya tambaye ni abin da nake ciki. Ni da aka yi wa tarbiyya a zango, ta ina zan fara yi wa Baffa ƙarya? Na gaya masa komai. Da na ambaci sunan layin sai ya yi salati, ya ce ai ta nan yake bi kullum in zai je sayen nama. Hawaye ya zubo masa, ya yi ta hamdala yana cewa yau Allah ya wanke shi daga bakin mutane, ɗansa yana da uwa, uwar ma maƙwabciyarsa ce. Na roƙe shi ya riƙe maganar a cikinsa, ya ce ba komai.

Bayan 'yan makonni ma'aikaciyar ta kira mu. Ta ce matar da ta aika wa wasiƙar ta buga mata waya daga akwatin tarho na kan titi, ta amsa cewa ita ce. Ta ce mijinta bai sani ba, 'ya'yanta ba su sani ba, kusan shekara arba'in tana ɗauke da abin ita kaɗai. Ta tambaya ko yana da lafiya, ko an riƙe shi da kyau, ko yana da 'ya'ya. Sannan ta roƙi a ba ta lokaci har a gama bikin 'yarta ta ƙarshe da ke tafe, bayan nan za ta zo su haɗu a wani shagon shayi nesa da unguwarsu, su biyu da ma'aikaciyar. Edita, ban taɓa ganin mijina kamar wannan lokacin ba. Ya sayi sabuwar riga ya rataye, ya zaɓi hotunan yara ya sa a ambulan, yana tuƙa bas yana murmushi har abokan aikinsa suka fara tsokanarsa. Kullum sai ya tambaye ni ko ya rage gemunsa, kada ta tsorata.

Baffa kuwa duk Juma'a sai ya bugo ya ji inda aka kwana, ni kuma murna ta hana ni yin shiru, na yi masa albishir. Nan take ya ce to tunda ta amsa ɗanta ne, ya zama wajibi manya su je gaisuwa. Ya ce abin kunya ne a ce ya aurar da 'ya shekara da shekaru bai taɓa taka ƙofar surukansa ba, ga su a bayan gidansa. Ya ce haɗuwa a shagon shayi aikin marasa gaskiya ne, kuma matar aure ba a ganawa da ita a bayan idon mijinta, ta ƙofa ake shiga, a nemi maigida a yi masa bayani cikin mutunci. Na yi masa bayanin duk abin da aka gaya mini, na ce mijin nata shi ne ma wanda ba a so ya ji. Ya ce namiji in dattawa suka je masa da girmamawa ba zai watsa musu ƙasa a ido ba, shi ya sasanta abin da ya fi wannan. Ya kawo mini zumunci a ƙafa yake, ya kawo mini abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar ce na fara ɗaga wa Baffa murya a rayuwata, na ce wannan ba zango ba ne. Sai ya ce lallai Ingila ta gama da ni. Na tura mijina ya je ya roƙe shi da kansa, amma shi da ba ya iya haɗa ido da Baffa, durƙusawa kawai ya yi yana godiya, ya ɗan faɗi abin da ya iya. Baffa ya dafa masa kai ya ce ya ji. Muka dawo Manchester da tunanin an kashe maganar.

Wata ranar Lahadi da rana ina wajen aiki, ina ba wata tsohuwa abinci a baki, sai wayata ta yi ƙara. Matar Baffa ce, muryarta cike da fara'a. Ta ce in yi murna, yanzun nan Baffa da dattawa biyu suka fita gaisuwar surukai, sun sha manyan riguna, sun ɗauki goro da turmin atamfa da turare. Ta ce da gangan ya zaɓi Lahadi bayan an taso daga coci, don ya tarar da maigidan da iyalinsa duka a gida. Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na ce ta bi su da gudu ta tsayar da su, ta ce ita wa, ta tare Malam a titi? Na kira wayar Baffa, ashe ya bar ta a kan firji kamar yadda ya saba, matar tasa ce ta sake ɗauka. Na kira ɗan ɗaya daga cikin dattawan bai ɗaga ba. Ina Manchester, suna Birmingham, tsakaninsu da gidan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Na tsaya a barandar gidan tsofaffin da waya a hannu ina juyawa, ba wanda zan kira kuma, ba abin da zan iya. Na koma na ɗauki wani cokalin na ƙarasa ba tsohuwar abincinta.

Abin da ya faru daga bakin ɗaya daga cikin dattawan na ji shi. Wani saurayi ne ya buɗe ƙofa, Baffa ya ce maigida suke nema. Tsohon ya fito da tsumman goge hannu, ana jin ƙarar cokula da hirar mutane daga ciki. Baffa ya gaishe shi da Turancinsa na masana'anta, ya ce su surukansa ne, ɗan da matarsa ta haifa kafin aurensu shi ke auren 'yarsu, yaron kirki ne, sun zo a san juna. Tsohon ya ce sun yi ɓatan gida. Baffa ya faɗi sunan matar na gidan ubanta da sunan ƙauyensu. Sai hirar cikin gidan ta ɗauke. Matar ta fito ta tsaya a bayan mijinta, ya juya ya tambaye ta ko ta san abin da mutanen nan ke faɗa. Ta kama gefen ƙofa ta riƙe. Aka rufe ƙofa, suka ɗan jira, da suka ga ba a sake buɗewa ba suka ajiye kayan a bakin ƙofa suka tafi.

Ba mu san abin da ya faru a cikin gidan nan ba, kuma ba za mu taɓa sani ba. Abin da muka sani, cikin makon ma'aikaciyar ta kira. Ta ce matar ta bugo ta ce kada a sake nemanta, ko ta wasiƙa ko ta waya ko ta aike, ta amince da mu mun tozarta ta a gaban 'ya'yanta. Na yi ta roƙo a bar ni in yi mata bayani, in gaya mata ɗanta bai san da zuwan ba, in durƙusa mata in ta kama. Ma'aikaciyar ta ce ta faɗa mata duk wannan, amsar ba ta canza ba, kuma haƙƙinta ne ta ƙi. Mijina ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ajiye waya, ya sa kayan aikinsa ya fita don yana da bas ɗin yamma. Da ya zage ni ko ya fasa wani abu da na fi samun sauƙi. Ni ce na yi haukan, na yi watanni ban gaida Baffa ba, sai da mijin nawa ya ce in ban shirya mun je masa barka da Sallah ba shi zai tafi shi kaɗai. Muka je, ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Abu ɗaya na lura, in mun shiga Sparkhill sai ya yi dogon zagaye don kada ya bi ta bakin layin nan.

Muka zauna muna jira ko za ta huce. Na saba duba wani shafi da 'yan Ailan ke sa sanarwar mutuwa, har da ta mutanensu da ke Ingila, bayan wasu shekaru kuwa na ga sunanta. An jera mijinta da 'ya'yanta da jikokinta, har an riga an binne ta. Da Baffa ya ji sai ya hau mota ya zo Levenshulme, ya sa aka shimfiɗa tabarmi, ya ce uwa uwa ce, dole a yi wa ɗansa gaisuwa. Mutane suka yi ta shigowa suna ba da haƙuri. Wasu suka tambayi ciwon da ta yi, wasu suka tambaya ko ta daɗe a kwance, mijina ba shi da amsar ko ɗaya.

Da aka sami sarari, ina kawo musu shayi, sai na ji mijina ya matsa kusa da Baffa. A hankali ya ce yana da tambaya ɗaya, ya daɗe yana son yi. Ya ce tunda Baffa ya tsaya a gabanta, ya gaya masa yadda kamanninta suke, doguwa ce ko gajera, fuskarta yaya take. Baffa ya roƙe shi ya yafe masa, ya ce bai kalle ta ba. Matar mutum ce, kuma surukarsa, da ta fito sai ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Abin da ya gani silifas ne na zaman gida, da hannunta riƙe da gefen ƙofa. Mijina ya tambaya hannun yaya yake. Baffa ya ce shi dai ya ga yana rawa. Na ajiye tiren shayin na shige kicin.

Baffa ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa, na kuma yafe masa duk da ban ce abin ya bar zuciyata ba. Abin da na koya shi ne alheri ma yana yin ɓarna in an kai shi gidan da ba a san dokarsa ba. Mu a wajenmu zuwa da dattawa da goro shi ne ƙarshen girmamawa, a wajen baiwar Allah nan kuwa tsirara muka yi mata a gaban iyalinta, garin neman gira muka rasa ido. 'Yan'uwana da ke auren mutanen ƙasashen nan, da masu taya wani neman asalinsa a takardu ko a intanet, ku sani gano suna da adireshi shi ne ɓangare mai sauƙi. In an ce ku jira, ku jira. In kun san babbanku ba zai iya zama da magana ba, kuma ku ba za ku iya hana shi tashi ba, to kada ku ba shi sunan layi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na shafe shekaru ina nemo wa mijina uwa, ta amsa, ta sa lokaci, saura 'yan makonni su zauna. Yau in yaranmu suka tambaye shi kamannin kakarsu, sai ya ce musu bai samu ganinta ba.